Wa Ke Yanka Kuɗin Inshorar Babur A Ƙasar Hunƙuyi?

Tun ranar 1 ga watan Fabrairu, 1925 ba a yi maganar inshora a ƙauyukan arewacin Zazzau ba, haka wani zai ce cikin raha, amma tun ranar 1 ga watan Fabrairu, 2025, lokacin da Rundunar 'Yan Sandan Nijeriya ta fara tsananta binciken takardar inshora a kan hanyoyin ƙasar nan, maganar da a da ba a jin ta sai a bakin masu motoci ta sauko har kan masu babura. A Hunƙuyi, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Kudan, da Maƙarfi da Ikara, inda babur shi ne motar malamin makaranta, shi ne jakin manomi, kuma shi ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare, tambayoyin jama'a ba su wuce biyu ba: nawa ne kuɗin, kuma wa ya yanka shi? Amsar ta farko gajera ce. Ta biyun ce ke bukatar a zauna a kanta, domin abin da ɗalibi zai karanta a littafi game da yadda ake yanka kuɗin inshora ya sha bamban da abin da ke gudana a wannan yanki.

A littafi, kamfanin inshora mai auna haɗari ne. Idan mutum ya je Ingila, alal misali, ya ce zai yi wa babur ɗinsa inshora, za a tambaye shi shekarunsa, da shekarun da ya yi yana tuƙi, da girman injin babur ɗin, da unguwar da yake zaune, da inda babur ke kwana, da ko ya taɓa yin haɗari. Saurayi ɗan shekara 19 mai babban inji yakan biya ninkin-ba-ninkin abin da dattijo mai ƙaramin babur zai biya, sa'an nan duk shekarar da mutum ya yi bai nemi diyya ba sai a rage masa wani abu. Watau kowa yana biya gwargwadon haɗarin da ya jawo wa asusun.

A Nijeriya inshorar babur iri biyu ce. Akwai ta dole, wadda aka kafa tun zamanin Turawa da dokar 1945. Ita wannan ba ta biyan mai babur komai, ko da ya karye ko babur ɗinsa ya ragargaje. Abin da take biya shi ne haƙƙin wanda ya buge: jinyarsa, ko diyyar ransa, ko gyaran dukiyarsa. Ta biyun ita ce cikakkiyar inshora, wadda ta haɗa wancan duka da sata da gobara da lalacewar shi kansa babur ɗin. Hanyar da ake bi a yanka kuɗin kowaccensu daban take, saboda haka sai mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Kuɗin inshorar dole ba a kasuwa ake yanka shi ba, a Abuja ne. Hukumar Kula da Harkokin Inshora ta Ƙasa, watau NAICOM, wadda aka kafa a 1997, ta fitar da takarda a watan Disamban 2022, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2023. A cikinta aka ɗaga kuɗin motar gida daga naira 5,000 zuwa naira 15,000, aka yanka wa babbar motar kaya naira 100,000, Keke Napep naira 5,000, babur kuma naira 3,000 a shekara. Iyakar abin da kamfani zai biya idan babur ya lalata dukiyar wani ita ce naira miliyan ɗaya. Wannan farashi ɗaya ne daga Legas har Kudan. Bai san shekarun mai tuƙi ba, bai san girman inji ba, bai kuma san ko mutum ya taɓa buge wani ko bai taɓa ba. Ma'aikacin lafiya da ke tafiya a hankali daga gidansa zuwa ɗakin shan magani a Likoro, da yaron da ke ɗauko buhunan masara uku ya hau babban titin Zariya zuwa Kano ta Tashar Yari yana rige-rige da tireloli, duk naira 3,000 ce.

To, a nan ya kamata mai karatu ya ɗauki alƙalami. Idan babur ɗaya ya jawo ɓarnar da ta kai iyakar nan ta naira miliyan ɗaya, kamfani ya kashe kuɗin da ya karɓa a hannun masu babura 333 da ɗoriya, tun ba a yi maganar albashin ma'aikatansa da hayar ofis ba, kuma tun ba a yi maganar jinya ko diyyar rai ba, waɗanda su ne suka fi yawa a haɗarin babur. Kowa ya taɓa shiga sashen masu karaya na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ya san irin aikin da babur ke kawo wa likitoci. Da a ce duk wanda babur ya buge a ƙasar nan zai kai takardunsa ya nemi haƙƙinsa, da naira 3,000 ba ta ɗauki nauyin ko na wata shida ba. Abin da ya riƙe farashin a ƙasa shi ne jama'a ba sa neman diyya. Wannan arha, a ganina, ba abin murna ba ce gaba ɗaya, domin alama ce ta cewa ana sayen takarda ne don wucewa shingen hanya, abin da ke rubuce cikinta kuwa ba wanda ya damu da shi.

Ƙasar Indiya, wadda daga can ne mafi yawan baburan da ke yawo a Hunƙuyi suke fitowa, irin su Bajaj Boxer da TVS, ita ma gwamnati ce ke yanka kuɗin inshorar dole, amma ta kasa babura kashi huɗu bisa girman inji, ƙaramin inji ƙaramin kuɗi. Bugu da ƙari, tun watan Satumban 2018, bisa umarnin Kotun Ƙolin ƙasar, ba a sakin sabon babur daga shagon dila sai an biya masa inshorar dole ta shekara biyar. Sun gane cewa ranar sayen babur ita ce ranar da ta fi sauƙin kama mai shi. A nan kuwa sabon babur yakan bar shago a Sabon Garin Zariya da ledarsa, ya shekara biyar yana aiki tsakanin gona da kasuwa ba lamba, balle a yi zancen inshora.

Akwai wani lissafin kuma da ya fi shafar mutanen karkara. Dokar Inshora ta 2003 ta ƙayyade cewa kamashon da za a ba dillali a kan inshorar abin hawa kada ya wuce kashi 12.5 cikin ɗari. Kashi 12.5 na naira 3,000 shi ne naira 375. A ƙarshen 2024 wannan kuɗi bai kai na rabin litar fetur ba. Wane wakilin kamfani ne zai taso daga Kaduna ko Zariya ya zo Hunƙuyi, ko ya shiga Gubuchi ko Auchan, don neman naira 375? Ba mai zuwa. Sai mai babur ya tashi da kansa, ya bar aikin yini, ya sha mai, ya je ofishin lasin, inda a bakin ƙofa zai tarar da masu cewa “kawo in yi maka sauri”. Kafin ya dawo gida naira 3,000 ta haifi 'ya'ya, kuma sau da yawa takardar da aka miƙo masa ta jabu ce, an buga ta da sunan kamfanin da ba ya nan ko wanda bai san da ita ba. Wanda ya sayi jabu shi ne ya biya mafi tsada a duk ƙasar, domin ya ba da kuɗi bai sami komai ba, ga shi kuma a gaban doka daidai yake da wanda bai yi ba. Hukuncin da 'yan sanda suka ambata sa'ad da za su fara binciken 2025 shi ne tarar naira 250,000 ko ɗaurin shekara ɗaya, ko duka biyun.

Wannan cuta tana da magani, sai dai ba kowa ya san shi ba. Ƙungiyar Kamfanonin Inshora ta Nijeriya tana da rumbun bayanai da ake kira NIID, inda ake shigar da kowace takardar gaskiya, kuma ana iya bincikawa da wayar hannu ta hanyar sa lambar abin hawa. Kamfanoni da dama sun koma sayar da inshorar dole ta intanet, abin da ke cire dillalin bakin ƙofa daga tsakani. Amma mai karatu ya lura: da lambar abin hawa ake binciken. Babur marar lamba ba shi da ƙofar shiga. Ashe kuɗin inshora na gaskiya ga mutumin Kudan ya haɗa da kuɗin rajista da na lamba da na lasin tuƙi, waɗanda idan aka tara su sun ninka naira 3,000 ɗin sau da yawa. Su ne katangar da ke hana shi, ba inshorar ba.

Ko wanda ya tsallake wannan katanga, da sauran rina a kaba. Takardar inshora yarjejeniya ce mai sharuɗɗa, kuma biyu daga cikinsu suna kama mutanenmu kullum. Na farko, sai mai tuƙin yana da lasin. A gidajenmu kuwa babur na kowa ne: maigida ya hau da safe, ƙaninsa ya ɗauka da rana, da la'asar a aiki yaro ɗan shekara 14 ya kai niƙa. Na biyu, takardar da aka yanka don amfanin kai ba ta ɗaukar aikin haya. Wannan ya shafi ma'aikatan gwamnati kai tsaye, domin ba ɓoyayyen abu ba ne cewa tun da aka janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, ƙananan ma'aikata da ɗalibai da yawa suna fita acaɓa bayan an tashi aiki don cike giɓin albashi. Idan haɗari ya auku ana ɗauke da fasinjan kuɗi, alhali takarda ta ce amfanin kai, kamfani ya sami hujjar da zai tsaya a kanta. Tun da an hana kamfanoni bambanta farashi tsakanin mai natsuwa da mai ganganci a ranar saye, sai su yi tankaɗe da rairayarsu a ranar biya.

Sai cikakkiyar inshora, wadda ita ce manomi ko malami zai fi so, domin tsoronsa na farko shi ne a sace masa babur. Takardar NAICOM ta 2022 ta ce kuɗinta kada ya gaza kashi 5 cikin ɗari na darajar abin hawa, bayan an cire duk wani rangwame. Kalmar “kada ya gaza” ita ce abin lura: an sa ƙasa, ba a sa sama ba. Daga nan abubuwan da littafi ya lissafa suke fara aiki, amma wanda ya fi su duka ƙarfi ba ya cikin littafin Ingila, watau canjin kuɗi. Babur da kayan gyaransa daga waje ake shigo da su, ko an harhaɗa a nan. A farkon 2023 dalar Amurka tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Da aka saki naira a watan Yunin shekarar, sai ta yi ta faɗuwa har dala ta haura naira 1,500 a 2024, sabon Boxer kuma ya wuce naira miliyan ɗaya. Mu ɗauka babur ya tsaya wa mutum naira 1,200,000. Mafi ƙarancin abin da zai biya a shekara shi ne naira 60,000. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne. Kusan albashin wata guda ke nan, ga mutumin da bai canza halin tuƙinsa ba, bai kuma canza hanyar da yake bi ba.

Faɗuwar naira tana da wani tarko. Wanda ya rubuta darajar babur ɗinsa bisa tsohon farashi don ya rage kuɗin shekara, ranar da aka sace shi ba za a ba shi fiye da abin da ya rubuta ba, kuma za a cire tsufan da babur ya yi, a cire wani kaso da yarjejeniya ta ɗora wa mai shi. Abin da zai rage ba zai sayi ko na hannu ba.

Bayan daraja sai sata. Babur ba shi da wuyar ɗauka: ana sace shi a bakin kasuwa ranar Laraba a Maƙarfi lokacin da hankalin kowa ke kan cinikin rake, ana sace shi a ƙofar masallacin Juma'a da wurin ɗaurin aure, kafin gari ya waye an wargaza shi an sayar da kayan. Idan ba rajista, ba wanda ya rubuta lambar inji da ta jiki, to ba a gano shi. Ga kuma matsalar tsaro. 'Yan bindiga da suka addabi Birnin Gwari da Giwa da kudancin Jihar Katsina da babura suke yawo, abin da ya sa babur ya zama abin nema a hannun miyagu, ya kuma zama abin zargi a idon hukuma. Kano ta hana acaɓa a watan Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero. Gwamnatin Ramalan Yero ta hana shi a birnin Kaduna da wasu manyan garuruwan jiha a 2014. A ƙarshen Satumban 2021 gwamnatin Nasir El-Rufa'i ta dakatar da hawan babur, na haya da na gida, na tsawon wata uku a matakin farko. Ma'aikacin kamfanin inshora da ke zaune a Legas ba ya bambanta Kudan da Birnin Gwari. Sunan jiha yake gani, sai ya ƙara kuɗi, ko ya ce shi ba ya karɓar babura sam. Sa'an nan takardun da aka saba bayarwa suna cire ɓarnar tarzoma da ta'addanci daga abin da za a biya, sai in mutum ya ƙara kuɗi na musamman. Mutanen Ikara da Maƙarfi suna biyan kuɗin sunan da wasu wurare suka jawo wa jiharsu.

Tsofaffin ma'aikata za su tuna cewa ba haka abin yake ba a da. Lokacin da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta biya ƙarin albashin Udoji a farkon 1975, malamai da akawuna da malaman gona suka cika gari da Honda da Suzuki da Yamaha da Vespa. Wanda ya karɓi adibas na gwamnati ya sayi abin hawa, bisa ƙa'ida sai ya yi masa cikakkiyar inshora har ya gama biya, domin mai ba da bashi ba ya son dukiyarsa ta salwanta. Ba ƙaunar inshora ce ta sa suka yi ba, sharaɗin bashi ne. Yau ma bashi ne ke sayen yawancin baburan haya, sai dai mai kuɗin ɗan kasuwa ne a cikin gari, wanda ke ba yaro babur yana kawo balas kullum ko mako-mako har ya biya. Shi ba ya neman takardar kamfani. Yakan ɗora riba mai kauri a kan farashin, ya nemi wanda zai tsaya wa yaron. Wannan ribar, idan aka duba da kyau, kuɗin inshora ne da aka sake wa suna, kuma ya fi kashi 5 cikin ɗari nesa ba kusa ba, sai dai idan babur ya ɓace yaron da danginsa ne ke ci gaba da biya.

Abu na ƙarshe da ke riƙe farashi a sama shi ne ƙarancin masu shiga. Inshora kamar gayya take: idan mutum ɗari suka fito noma, aikin kowa kaɗan ne. Ƙungiyar kamfanonin ta sha faɗin cewa cikin motoci wajen miliyan 12 da ke ƙasar nan, waɗanda ke da takardar gaskiya ba su wuce wajen miliyan uku ba, babura kuwa sun fi haka baya. Idan masu shiga kaɗan ne, kuma waɗanda suka fi jin tsoron asara ne kawai ke zuwa, dole rabon kowa ya yi nauyi. A wannan yanki akwai dalilin addini da ba za a tsallake ba. Malamai da yawa suna ganin inshorar kasuwanci ta ƙunshi riba da rashin tabbas, kuma Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yanke haka a Jidda a 1985, tare da halatta tsarin taimakon juna da ake kira takaful, wanda aka fara a Sudan a 1979. NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, kuma akwai kamfanoni irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful da ke sayar da inshorar abin hawa, inda ake raba wa mahalarta rarar da ta saura a asusu. Amma su ma naira 375 ba ta kai su Hunƙuyi.

Saboda haka jama'a suna nan kan tsarinsu. Idan babur ya buge mutum, sai a tafi gaban mai unguwa ko dagaci, dangin mai babur su ɗauki kuɗin asibiti ko na mai ɗori, a sayar da akuya ko buhun waken suya, sau da yawa kuma wanda aka buge ya ce ya yafe, ƙaddara ce. 'Yan acaɓa suna yankar tikitin ƙungiya kowace rana, ana taimaka wa wanda ya faɗi daga ciki. Ɗan acaɓan da ke ba da ko naira 100 a rana yana tara wa ƙungiya fiye da naira 30,000 a shekara, watau ninki goma na inshorar dole. Kuɗin yana nan, hanyar tara shi ma tana nan. Da kamfani zai ƙulla yarjejeniya ɗaya da reshen ƙungiya na Kudan ko Ikara a kan babura ɗari biyar a lokaci guda, da kuɗin zirga-zirga ya faɗi, da kuma an sami wanda ya san mai lasin da marar lasin, da mai ganganci da mai natsuwa, abin da takardar Abuja ba za ta taɓa sani ba.

A shekarar 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar gyaran harkar inshora, wadda ta maye gurbin dokar 2003 da ta 1945. Ta ɗaga mafi ƙarancin jarin kamfanin da ke inshorar dukiya da abin hawa zuwa naira biliyan 15, aka kuma ba kamfanoni wa'adin shekara guda su cika. Kamfani mai ƙarfin jari ya fi iya biyan diyya, wannan gaskiya ne. Amma masu zuba biliyoyi riba za su nema, kuma idan binciken 'yan sanda ya sa jama'a suka fara neman haƙƙinsu yadda ya kamata, kamfanonin za su koma wa NAICOM su ce naira 3,000 ba ta isa ba. Ranar da za a zauna sake duba farashin, wakilan Maƙarfi da Kudan da na Ikara da Kubau a Majalisar Tarayya suna da abin da za su tambaya: cikin kuɗin da aka karɓa a kan babura tun Janairun 2023, nawa aka biya diyya, kuma nawa daga ciki ya iso arewacin Jihar Kaduna?